Ya Kwanta a Kan Sikka

Matrah, ƙasar Oman
Watan Safar, 1397

Zuwa ga ɗan'uwana Mutawalli, Abu Sabri,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Ummu Sabri da duk mutanen gida. Ina fata ciwon gwiwar da Sabri ya ce yana damun ka ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, in ban da idona na hagu da ke ta zubar ruwa, shi ya sa za ka ga rubutun nan yana hawa yana gangara.

Ni da kai ba mu taɓa haɗa ido ba, amma kakata da kakanka ciki ɗaya suka fito. Kuma ranar da ɗanka ya zo garinmu aikin koyarwa, ya miƙo mini takardarka, a ciki ka ce ka ba ni amanarsa. Amanar nan ce ta sa na ɗauki alƙalami yau, ko da yake ya rantsar da ni kada in gaya maka. Zan yi kaffara.

Abu Sabri, ɗanka ya ba ni tsoro. Kwanakin nan ba ya cin abinci sosai, in ya taso makaranta sai ya wuce sikka ya zauna, ba ya shigowa sai an kira magariba. Na ɗauka kewar gida ce. To, shekaranjiya da hantsi sai ga mata da gudu suna kiran sunana, wai in fito, malamin Masar ya kwanta a kan sikka. Na fita ko takalmi babu. Na same shi miƙe a ƙasa da farar rigarsa ta zuwa aiki, ya rungume hannu a ƙirji. Direba na ta busa ƙaho, hayaƙi ya turnuƙe wurin, mutane na ihu, shi ko gezau. Abin da yake ta faɗi kawai shi ne, sai dai a bi ta kansa. Allah ya sa direban ya iya tsayawa. Da ƙyar maza suka ɗauke shi, yana fizgewa yana cewa gobe ma zai koma.

Ni tsohuwa ce, ba ya jin maganata. Ɗana Halfan ma ya yi masa faɗa, bai ji ba. Ka rubuto masa, ko naka zai shige shi. Ba zan iya ƙara komai ba.

'Yar'uwarka,
Zuwaina, Ummu Halfan

*

Banha, ƙasar Masar
Fabrairu, 1977

Zuwa ga 'yar'uwata Zuwaina, Ummu Halfan,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba idonki lafiya. Kin tambayi gwiwata; wallahi tun da takardarki ta shigo gidan nan na manta ina da gwiwa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar'uwata, kin san wa kika rubuta wa wannan magana? Ni rayuwata kaf a bakin sikka na yi ta. Ni ne mai rufe shinge in jirgin ƙasa zai wuce, tun ina saurayi har furfura ta cika mini kai. Na san abin da jirgi ke bari a kan layin dogo in ya bi ta kan ɗan Adam, domin mu ake kira mu kawo bargo mu tattara. Na taɓa ganin masu kwanciyar nan da idona, kuma yadda kika kwatanta, haka suke yi: su sa tufafi masu kyau, su rungume hannu, su rufe ido. Ban taɓa zaton za a wayi gari a ce ɗana yana cikinsu ba.

A tsakar gida na buɗe takardar, uwarsa na tsinkar lalo a gefe tana jira in karanto mata. Da na kai wurin, ban san lokacin da na ƙwala salati ba. Ta ce, "Ya mutu?" Na ce, "Bai mutu ba, amma ya nemi mutuwa da kansa." Sai ta kife a kan tiren. Maƙwabta suka cika gidan, ana yayyafa mata ruwa, ni kuma na yar da takardar a ƙasa ban sani ba. Wani ya ɗauka ya karanta wa jama'a. Kafin la'asar babu gidan shayin da ba a maganar a unguwarmu.

Na je na buga masa talgiram ta makarantarsu. Amsa ta zo, wai, "Lafiyata ƙalau, me ya faru?" Wannan bai kwantar mini da hankali ba. Duk wanda na sani da ya yi wannan aiki, da safe ya gaida mutane yana cewa lafiya ƙalau.

Don Allah ki gaya mini gaskiya, kada ki rufe mini komai. Me ya same shi? Mace ce? Wulaƙanci aka yi masa a wurin aiki? Ko taɓin hankali ne? Yaron da ya sauke Alƙur'ani a hannun kakansa, ya san makomar wanda ya kashe kansa, yaya zai yi mana haka? Ga yarinyar da aka yi musu baiko, Ihsan, tana jiran dawowarsa da hutun bazara a ɗaura aure. Me zan ce wa ubanta?

Ki sa Halfan ya riƙa bin sa duk inda ya nufa. Ki tambayi lokutan da jirgi ke wucewa a garinku, in lokacin ya yi ku kulle shi a ɗaki, ko zai zage ku. In ta kama a ɗaure shi, na yafe, a ɗaure. Ni ina neman hanyar da zan zo da kaina, amma takardun fita ba a samun su a kwana ɗaya.

Uwarsa ta farfaɗo, sai dai ba ta magana. In ta ji kukan jirgi sai ta toshe kunne, ga shi gidanmu a bakin layi yake.

Ɗan'uwanki cikin tashin hankali,
Mutawalli

*

Matrah
Rabi'ul Awwal, 1397

Ɗan'uwana Abu Sabri,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, Sabri yana lafiya, ka fara karanta wa uwarsa wannan layin kafin komai: ɗanta yana lafiya, da hankalinsa, yanzun nan ya cinye shinkafa da kifi ya tashi.

La haula wa la ƙuwwata illa billah! Wane jirgi? Abu Sabri, duk faɗin ƙasarmu babu jirgin ƙasa. Ni tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin sa ba sai a hoto. Da na karanta takardarka sai da na zauna a ƙasa. Na sake karantawa, na rasa inda jirgi ya shigo maganata, sai da Sabri ya karɓa ya duba, ya dafe kai ya ce, "Gwaggo, kin kashe ni. Sikka kika rubuta wa Baba?"

To me zan rubuta? Sunanta ke nan. Sikka a wurinmu ita ce 'yar hanyar ƙafa da ke ratsa tsakanin gidaje, lungun da mota ba ta shiga, sai mutum da jakinsa. Ta nan muke zuwa kasuwa, ta nan ake kai wa maƙwabta abinci, nan yara ke wasa saboda inuwa. Yanzu na tuna kakata takan ce ubanta ya yi aikin sikkar ƙarfe. Ina yarinya, na ɗauka wani lungu ne a Masar da aka shimfiɗa wa ƙarfe saboda arziki. Ashe layin dogo take nufi, kamar yadda Sabri ya ce kuna kiran sa.

Ga yadda abin yake. Bayan gidana akwai sikka da a da take ɓullewa bakin teku. Da aka yi sabon titi a gaɓar ruwa, sai aka gina bango ya toshe can ƙarshenta. A cikinta akwai ƙofa guda, ta wani tsohon masunci, Darwish. Ba shi da kowa, ƙafarsa ɗaya ta shanye, da sanda yake jan jiki. Wani attajiri mai suna Hamdan ya saye gidajen da ke dama da hagu, yana so ya haɗe su ya yi babban sito. Ya ce wa Darwish ya ƙaura, za a ba shi ɗaki can bayan duwatsu. Tsoho ya ce inda aka haife shi nan za a wanke shi. Shi ne Hamdan ya ce to, ai wurin nan ya daina zama sikka tun da ba ya kai kowa ko'ina, fili ne kawai tsakanin bangonsa biyu, zai toshe bakinsa ya yi masa rufi. In Darwish na son fita, ya bi ta cikin sito in mai gadi ya buɗe.

Ka ji fa. Mutum da ransa a gine shi kamar tulun da aka binne.

Sabri ya saba da tsohon, yakan zauna a ƙofarsa ya karanta masa jarida, tsohon na koya masa gyaran koma. Ranar da na ba ka labarinta, babbar mota ce ta zo da duwatsu, tana ja da baya za ta juye su a bakin sikka. Shi ne ɗanka ya kwanta a wurin. Direban da na ce yana busa ƙaho, direban motar ne. Ban ce mota ba? Wallahi na ɗauka na ce.

Bayan kwanciyar tasa mutanen unguwa sun ji kunya, suka kai ƙara wurin alƙali, an dakatar da ginin sai an zauna. Amma tsorona bai tafi ba. Hamdan mutum ne mai dogon hannu, Sabri kuwa baƙo ne da ke cin abinci da takardar aiki. Halfan ya ce masa, "Malam, kai allo aka kawo ka riƙewa, ina ruwanka da lungunanmu?" Ya ce, "In na koya wa yara haƙƙin maƙwabci da safe, da yamma in tsallake duwatsun in wuce?"

Sabri ya yi fushi da ni, ya yi kwana biyu ba ya shan gahawata. Yanzu mun shirya. Shi ma ya rubuto muku, takardarsa na tare da tawa. Ka ba Ummu Sabri haƙuri, ka ce mata tsohuwar Matrah tana roƙon ta yafe mata.

Zuwaina

*

Banha
Afrilu, 1977

'Yar'uwata Ummu Halfan,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Muna lafiya. Uwar Sabri ta tashi, har ta yi dariya, dariyar da ta ƙare da kuka. Ta ce babu abin yafewa tsakaninku, ni ne ya kamata a tuhuma. Ni kuwa da na gama karatu na faɗi na yi sujada a tsakar gida, ban iya tashi ba sai da aka kama ni, a nan gwiwar ta tuna mini tana nan.

Kada ki ɗora wa kanki laifi. Mu ma nan mukan ce sikka muna nufin hanya kawai. Amma a garin da jirgi ya raba biyu, a kunnen mutum irina, in aka ce wani ya kwanta a kan sikka, magana ɗaya ce.

Sai dai takardarki ta makara. Kafin ta iso, Hajji Shahhat, uban Ihsan, ya aiko ƙanensa da zobe da awarwaron baiko a ƙunshe cikin hankici. Ko zama bai yi ba. Ya ce a gaya mini Allah ya ba yaro lafiya, Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Da takardarki ta zo, na sa rigata ta Juma'a na tafi shagonsa na yadi. Na karanta masa daga farko har ƙarshe. Ya saurara yana auna yadi, bai ɗago ba. Da na gama ya ce, "Abu Sabri, ni ma uba ne. Da ni ne, ni ma zan nemi wata tsohuwa ta rubuto cewa lungu ne."

Na ce, "Hajji, ƙarya kake cewa na yi? Ƙasar ma babu jirgi!"

Ya ce, "Akwai ƙasar da babu jirgi?"

Mutanen shagon suka yi dariya. Allah ya kawo wani direba da ya taɓa aiki a can, ya ce gaskiya ne, babu. Na ce alhamdu lillahi, an gama. Sai Hajji ya ajiye almakashi ya ce, "To, na yarda. Yanzu gaya mini wanne ya fi. Da na ɗauka ciwo ne ya kwantar da shi, ciwo kuwa ana warkewa. Ashe da hankalinsa ya kwanta gaban mota, a ƙasar mutane, saboda tsohon da bai haɗa komai da shi ba. Wannan hali ne, hali kuwa zanen dutse. Gobe in ya ga wani lungun, 'yata ce za ta zauna takaba."

Na fito ina jin kamar an mare ni, domin wani ɓangare na zuciyata ya yarda da shi.

Ki gaya wa Sabri ni ubansa na ce ya isa haka. Ya yi abin da ya yi, Allah ya ba shi lada, yanzu ya bar wa 'yan gari garinsu. Baƙo makahon gari ne. Kada ya je gaban alƙali, kada ya sa hannu a komai. Ban gaya masa zancen kayan baiko ba, ke ma kada ki gaya masa tukuna.

Wani abu kuma ya tsaya mini. Kin ce Halfan yana masa faɗa. Ɗanki ɗan unguwar ne, ya tashi yana ganin tsohon nan. Me ya sa baƙo ne ya kwanta, ba shi ba? Ki yafe mini in na yi shisshigi.

Mutawalli

*

Matrah
Jumada Sani, 1397

Abu Sabri,

Sallama. Jikina lafiya. Na daɗe ban amsa ba, don ban san ta inda zan fara ba.

Tambayarka ta ƙarshe ta ɓata mini rai da na karanta. Na ce mutumin nan daga Masar yake auna mini ɗa. Ashe kai da ke nesa ka hango abin da ni da ke gida ɗaya da shi ban gani ba.

Ana gobe za a zauna shari'a, Halfan ya shigo ɗakina bayan la'asar da halwa mai zafi, alewar garinmu, irin wadda nake so. Ya zauna yana murza hula. Ya ce, "Umma, gobe za a kira ki, don ke ce mafi daɗewa a unguwa. Hamdan zai ce ƙofar Darwish ta asali ta wajen teku take, wannan ta cikin sikka daga baya ya fasa ta. Ba na ce ki yi ƙarya ba. Ki ce kin tsufa, ba ki tuna ba."

Na ce, "Kai kuma mene ne naka a ciki?"

Ya ajiye hular. Sannan ya ce shi ne ya karɓi aikin ginin. Motar da ta kusa taka ɗanka, shi ya ɗauko ta haya. In sito ya tashi, Hamdan ya yi masa alkawarin shi zai riƙe shi.

Na ce, "Halfan, Darwish fa? Wanda ya ciro ka daga ruwa kana yaro, ya kawo ka gida a kafaɗa?" Ya ce, "Umma, duniya ta canza. Kowa yana gini, mu kaɗai za mu zauna gadin lungu? An ba shi ɗaki mai fanka ya ƙi." Na ce ya ɗauke halwarsa ya fita.

Washegari aka taru. An kawo Darwish a kan jaki. Sabri bai bi maganarka ba, ya zo ya tsaya a baya. Hamdan ya yi bayaninsa, ya ce sikka ita ce wadda ke shiga ta fita, wadda ta toshe ta mutu, ƙofar kuma sabuwa ce. Alƙali ya juyo ya ce, "Ummu Halfan, me kika sani game da ƙofar nan?"

Na dubi ɗana. Ya sunkuyar da kai. Wallahi na so in ce ban tuna ba, kalmar har ta zo bakina. Sai na ji kaina ina cewa, "Allah ya ja kwananka, ya Shehi, ƙofar nan ta girme ni. A bakinta uwar Darwish ta huda mini kunne. Ta wajen teku taga ce, ba a taɓa yin ƙofa a can ba."

Alƙali ya ce toshewar ƙarshen sikka ba ta raba ta da sunanta. Mai ɓullewa ta kowa da kowa ce, wadda ba ta ɓullewa kuwa ta masu ƙofa a cikinta ce. Ya tambayi Hamdan ko gidajensa na da ƙofa a ciki. Babu ko ɗaya. Ya ce to, ko dutse guda ba za a ajiye a wurin ba sai da yardar Darwish. Tsohon bai gane ba sai da aka maimaita masa a kunne. Ya ce, "Wato in koma gida?" Aka ce ya koma gida.

Kada ka ɗauka murna nake ba ka labari. Ba a yi mako ba aka kira Sabri a wurin aiki, aka ce ba za a sabunta masa takarda ba, in an rufe makaranta ya tattara. Ba su faɗi dalili ba, ba mu kuma tambaya ba. Halfan kuwa a ranar ya kwashe matarsa da 'ya'yansa ya koma sabuwar unguwa. Da zai fita ya tsaya a zaure ya ce, "Kin zaɓi ɗan Masar da gurgun masunci, su riƙe ki." Tun ranar ban sa shi a ido ba.

Na gaya wa Sabri zancen baikonsa. Na san ka hana, amma na gaji da rufe-rufe. Ya fita ya zauna wurin Darwish.

Gidan ya yi mini girma.

Zuwaina

*

Banha
Yuli, 1977

'Yar'uwata Ummu Halfan,

Gaisuwa mai yawa daga gare ni da uwar Sabri. Muna lafiya. Ya iso lafiya, ya rame ya yi baƙi, ya kawo mana busasshen lemun tsami da turaren da kika aiko. Allah ya saka.

Na karanta takardarki na kasa cin abinci. Na aiko miki ɗa ki riƙe mini, ya zama sanadin rabuwarki da naki. Ban san da wane baki zan ba ki haƙuri ba. Na yi niyyar in ya dawo in yi masa faɗan da bai taɓa ji ba. Da ya sauko daga jirgi ya sunkuya zai sumbaci hannuna, sai faɗan ya gudu.

Ga abin da ya faru ranar Juma'ar da ta wuce, har yanzu ban gama mamaki ba. Muna zaune bayan sallah sai aka yi sallama. Ihsan ce, da gwaggonta, tsakar rana, kowa na gani. Yarinyar da ban taɓa jin muryarta ta wuce raɗa ba. Ta gaishe mu, ta juya wurin Sabri ta ce, "Da gaske ne saboda wani tsoho ka kwanta?"

Ya ce, "Da gaske ne."

Ta ce, "Ka tuna da ni lokacin da kake kwance?"

Ya ce, "Ban tuna da kowa ba. Tayar motar kawai nake kallo."

Uwarsa ta dafe ƙirji, ni na ce a raina shi ke nan, ya ƙarasa kashe maganar. Sai yarinyar ta ce, "Gara da ba ka yi mini ƙarya ba." Ta juyo wurina ta ce, "Kawu, da aka ce ya nemi mutuwa, na ɗauka ni ce bai ga dalilin rayuwa domina ba, shi ya sa na yi shiru aka dawo da kaya. Tun da ba haka ba ne, a mayar mini da kayan. Na gaya wa Baba."

Hajji Shahhat ya yi tsalle ya dire, amma 'yarsa ce tilo, kuma ta gaji taurin kansa. Ya ce ba za a ɗaura ba sai Sabri ya sami aiki a nan gida inda zai riƙa ganin sa. Muna nema, ba a samu ba tukuna.

Maganar farko kuwa ba ta mutu ba. In ya wuce, yaran unguwa sukan yi kukan jirgi a bayansa. Na gaji da bayani. Wanda ya ji labarin farko bai zo jin na biyu ba.

Ki rubuto mini halin da kike ciki. Wa ke yi miki cefane?

Mutawalli

*

Matrah
Shawwal, 1397

Ɗan'uwana Abu Sabri,

Barkanmu da sallah, Allah ya maimaita mana. Ina lafiya, idon ma ya daina ruwa. Ka gaida Sabri, ka gaida yarinyar nan Ihsan, ka ce mata wata tsohuwa da ba ta san ta ba tana sa mata albarka. Cefane maƙwabta na yi mini, kada ka damu.

Azumi ya wuce Halfan bai zo ba. Ranar sallah ya aiko yaransa da direba, shi bai shigo ba. Na yi musu wasa, na ba su goron sallah, da suka tafi na rufe ƙofa na yi abin da uwa ke yi.

Shekaranjiya da azahar na ɗauki kwanon abinci zan kai wa Darwish. Na shiga sikka ke nan sai na hango mutum yana fitowa daga ciki, da igiyar awo a hannu. Hamdan ya fasa gina babban sito, zai gyara gidajen yadda suke, ashe Halfan ya zo duba bango. Ni da shi, babu kowa, ga bango dama ga bango hagu.

A wurinmu in namiji ya haɗu da matar da ba tasa ba a sikka, yakan juya ya fuskanci bango, ya ba ta baya har ta wuce. Ladabi ne da ake yi wa baƙuwa. Abu Sabri, ɗana da na haifa, da ya gane ni ce, sai ya juya ya manna goshinsa a bango.

Ban san zafin da ya fi wannan ba. Kwanon ya kusa suɓuce mini. Na ce a raina, in na wuce shi yau a haka, mun zama baƙin juna har kabari. Sai na ajiye kwanon a ƙasa, na tsaya a bayansa.

Yana jira in wuce, ina jira ya juyo. Rana na tsakiyar kai, inuwar ma ta gudu. Ina ganin gumi na bin wuyansa yana jiƙa rigar. Wata mata ta zo da tulu a bayana, ta ga abin da ake ciki, ta juya. Darwish ya leƙo daga ƙofarsa, ya koma ya rufe a hankali. Na dafa bangon da yake jingine, na ci gaba da tsayuwa.

Can, bai juyo ba, ya ce, "Umma, ki wuce mana, rana za ta kayar da ke."

Na ce, "Da wa kake? Ni ban ga fuskar mai magana ba."

Ya daɗe. Sannan ya juyo. Idonsa ya yi ja kamar garwashi. Bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Ya duƙa ya ɗauki kwanon ya ce, "Ina za a kai?" Na ce, "Ka san inda za a kai."

Ya kai har bakin ƙofar, ya ƙwanƙwasa, ya ajiye, bai jira an buɗe ba. Da ya dawo ya riƙe mini hannu har gida, ya sha ruwa a tsaye ya tafi. Bai ce zai dawo ba. Amma jiya matarsa ta aiko tambaya, wai ranar Juma'a kifi zan dafa ko nama, don su san abin da za su taho da shi.

Na ce kifi.

'Yar'uwarka,
Zuwaina